Kwana Biyu a Yankari: Kyamarar Yaya da Wayar Hannuna

Hoto ɗaya tak mahaifinmu ya rasu ya bar mana. Ɗan ƙaramin fasfo ne da ya ɗauka lokacin da zai tafi aikin Hajji, ya kafa hula zanna, ya haɗe rai kamar wanda aka yi wa laifi, alhali duk wanda ya zauna da shi ya san mutum ne mai fara'a da barkwanci. Duk jikan da ya tambayi kamannin kakansa, wannan fasfon Hajiya take cirowa daga ƙasan akwatinta ta nuna masa. Na daɗe ina ganin sakacin mutanen da, har sai da abin ya zo kaina. Shekara huɗu ina tara hotuna a waya, da na sunan autana, da na saukar Alƙur'anin babbar 'yata, da na bikin ƙanwata. Rana ɗaya aka zare wayar daga jakata a cunkoson kasuwa. Ban wanke ko ɗaya ba, ban kuma ajiye su a wani wuri ba. Baba dai ya bar ɗaya, ni kuwa da na ɗauki dubbai na tashi a tutar babu.

Shi ya sa da Yaya ya kawo shawarar mu kai Hajiya Yankari ban yi musu ba. Ita abin da ya ja ta labarin ruwan Wikki ne, don ta ji an ce ɗuminsa yana sassauta ciwon gwiwa. Yara kuwa giwa suke son gani. Ni da Yaya niyyarmu daban ce, ko da yake ba mu faɗa a gabanta ba. Shekaru sun ja, ƙarfinta yana raguwa, muna so mu samu hotonta tare da jikokinta, hoton da zai nuna ta yadda muka san ta.

A kan abin da za a ɗauki hoton da shi muka saɓa. Yaya ya zo da kyamarar da ya saya ta hannu, irin wadda ake cire mata gilashi a sa wani, da wani dogon gilashi mai kama da guntun taɓarya. Ni kuwa wayata ce kawai, ba mai tsada ba.

"Ke dai ki ajiye wannan abar wasan yaran," in ji shi tun muna loda kaya.

"Yaya, kafin ka zuge jakarka na ɗauki goma," na ce.

Hajiya tana bayan mota tana jan carbi ta ce, "Ku dai ku kai ni ruwan nan. Hoton me za a yi wa tsohuwa?"

Daga Kano muka bi ta Birnin Kudu da Ningi muka kwana a Bauchi. Da sassafe muka kama hanyar Gombe, a Dindima muka karkata kudu zuwa Mainamaji, inda ƙofar shiga gandun take, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka da ya wuce ƙofa ya iso, amma daga nan zuwa masaukin Wikki akwai sauran tafiyar kilomita 40 da ɗoriya cikin daji. Gandun yana da faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200. A 1956 aka keɓe shi, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi. Ƙarshen rani muka zaɓa, don a lokacin ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dabbobi suna gangarowa kogin Gaji neman ruwa.

A wannan hanyar ni ce sarauniya. Yara suna leƙe ta taga, autana ya yi barci a kan cinyar kakarsa baki buɗe, duk na ɗauka. Kyamarar Yaya tana cikin jaka a ƙarƙashin kujera, shi kuma yana riƙe da sitiyari. Da muka isa masauki muka tarar da gadu suna kiwo a tsakanin ɗakuna kamar awakin unguwa, sun durƙusa a kan gwiwoyin gaba suna tsinkar ciyawa. Gwaggon birai kuwa sun zauna a kan dakali suna ƙare mana kallo, su ne masu gida, mu ne baƙi. Ma'aikacin da ya nuna mana ɗaki ya ja mana kunne: kada a bar ƙofa a buɗe, kada a riƙe leda a hannu.

Da la'asar muka shiga motar zagaya daji tare da ɗan jagora. Nan ne Yaya ya rama. Mun fara cin karo da gwambaza guda uku a bakin fadama, sun ɗaga kai suna kallonmu. Na ɗaga waya, na sa yatsu biyu na zuƙo iya zuƙowa. Abin da ya fito kamar an shafa laka a jikin bango. Yaya bai ce komai ba, ya miƙo mini bayan kyamararsa. Ga gashin wuyan dabbar nan ɗaya bayan ɗaya, ga jiƙaƙƙen hancinta, har da ƙudan da ke kan kunnenta.

A hanyar ya yi mini bayanin da na daɗe ina ji ban gane ba. Kowace kyamara tana da ɗan faranti a ciki wanda yake karɓar haske ya mayar da shi hoto. Na irin kyamararsa ya kai milimita 22 a tsawo da 15 a faɗi. Na wayoyin da yawancinmu muke riƙewa bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, wato nasa ya ninka shi sau goma ko fiye. Kwatancin da ya yi mini shi ne na taren ruwan sama: mai baho da mai kofi ba za su tara daidai ba, ko da a ƙarƙashin indararo ɗaya suka tsaya. Na ce ai an rubuta wa wayata megafiksel 50, tasa kuwa 24. Ya ce wannan yawan gidajen da aka yanka farantin ne, in ka yanka ƙaramin fili gida hamsin, kowane gida ɗan tsurut zai samu. Sannan ga maganar zuƙowa. Dogon gilashinsa mai milimita 300 yana jawo abu kusa da gaske, ya fi idon wayata jawowa sama da ninki goma sha biyar. Ni kuwa idan na buɗa yatsu a kan allo ba abin da na jawo, tsakiyar hoton kawai wayar take yankewa ta kumbura shi.

Rana ta kusa faɗuwa, har mun fara cire rai, sai ɗan jagora ya ɗaga hannu direba ya kashe mota. Can nesa, a ƙetaren ruwa, wasu duwatsu masu launin toka suka motsa. Giwaye ne, manya da ɗan ƙarami ɗaya yana bin ƙafar uwarsa. Garken Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya, kuma ba kowane mai ziyara yake dacewa da ganinsu ba. Motar ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar kyamarar Yaya, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Hajiya ta ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci wannan." Ni ma na ɗauka, don kada a ce ban ɗauka ba. Daga baya da na nuna wa autana hoton ya ce, "Umma, wannan ai suri ne."

Amma kyamara ma tana da nata wahalar. Ƙura ta tashi a bayan mota, Yaya yana ta kāre ta da babbar riga kamar jaririya. Da yake son komawa gajeren gilashi don ya ɗauki yara, sai da ya cusa hannuwansa cikin jaka ya canza a can, don in ƙura ta sauka a kan farantin nan, duk hoton da ya biyo baya da ɗigon baƙi zai fito. Kafin ya gama, yaran sun daina abin da ya so ya ɗauka. Nauyinta kuma ya bar masa shaida a wuya. Abin da zan yaba mata shi ne batir: tawa wayar ta yi zafi ta kusa mutuwa saboda bidiyo, tasa kuwa ko gezau.

Da daddare muka ci abinci a waje, hasken ƙwai ɗaya ne a jikin bango. Na zaci nan ma zai kayar da ni, tunda shi ne mai baho. Sai ga hotunansa sun fito da duhu, waɗanda suka yi haske kuma sun yi rawa, don bai zo da abin kafa kyamara ba, ya kuma ƙi kunna filasha kada ta wanke fuskoki. Tawa kuwa ta ce in riƙe ta daram na daƙiƙa uku, ta fito da kowa sarai. Dabararta ita ce ba hoto ɗaya take ɗauka ba, da yawa take ɗauka a jere, sai ta haɗa su ta tace ta ba ka ɗaya. Abin da ta rasa a girman faranti tana cike shi da lissafi. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai yin Tecno da Infinix da Itel, ya yi suna a Afirka ne da abubuwa da dama, ciki har da daidaita kyamarorinsa don su fito da fuskar baƙar fata. Duk wanda ya tuna hotunan Sallah na da, inda farar shadda take ƙyalli fuskar mai ita kuma ta ɓace, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai wasu wayoyin suna wuce gona da iri, su goge fuska su ƙara mata haske. Na kashe wannan saitin tun a Bauchi, don ba na son a goge wa Hajiya tamojin da ta shekara saba'in tana tarawa.

Washegari da safe Yaya ya ce lokacin babban hoto ya yi. Ya sa aka fito da kujera ƙarƙashin bishiya, ya jera jikoki biyar, ya ja da baya ya durƙusa. Da Hajiya ta ga wannan baƙin ido ya nufo ta, sai ta gyara mayafi, ta miƙe wuya, ta haɗa hannuwa a kan cinya, ta haɗe rai. Ya yi ta lallashi, "Hajiya, ɗan murmushi mana." Ta ce, "Haka ake hoto." Gabana ya faɗi, don fuskar da nake gani ita ce ta fasfon Baba. A ranar na gane ba halinsa ne ya fito a wannan fasfon ba, kwarjinin kyamara ne. Mutanen zamaninsu sun saba hoto abu ne na shekara-shekara, mai hoto ya zo a kan keke ranar Sallah da fim mai ɗaukar 36, kowane ɗauka kuɗi ne, sai an yi kwanaki kafin ya kawo. Wa zai yi dariya ya ɓata kuɗinsa? Hoton Yaya ya fito tas, ba abin da za a kushe, amma wadda ke zaune a tsakiya ba ita ce uwar da ta raine mu ba.

Ya koma ɗaki ya ajiye kyamara. Hajiya ta sauko kan tabarma, ta jawo ledar burodi da kofin shayi, ta manta da gargaɗin jiya. Ban ga ta inda ya ɓullo ba. Wani ƙaton gwaggon biri ya zo a guje ya fizge ledar, ya haye dakali ya zauna ya fara ɓarewa a nutse. Autana ya ƙwalla ƙara ya faɗa jikin kakarsa ya ƙanƙame ta. Ita kuwa ta wurga wa birin takalmi, bai ko kalle ta ba, sai dariya ta kama ta har da hawaye. "Ashe mijin nawa matsoraci ne! Biri ya ƙwace abincin matarka kana ɓuya a bayanta?" Mayafin ya zame, haƙorin Makka ya bayyana, sauran jikokin suna ta birgima. Wayata tana hannun babbar 'yata, wadda Hajiya take kira kishiya, ta kuwa danna ba tare da kowa ya lura ba. Hoton ya ɗan karkace, akwai bokiti a gefe, rabin ƙafar wani ta shigo. Amma da na gan shi sai da na juya baya na share ido. Yaya ya fito da gudu yana cire murfin gilashi, ya tarar an gama.

Da hantsi muka gangara Wikki. Matakala ce mai ɗan tsawo, Yaya da babban ɗansa suka riƙe Hajiya har ƙasa. Ruwan yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin wani jan dutse, ya miƙe kamar mita 200 a ƙarƙashin inuwar itatuwa kafin ya nufi Gaji. Garai-garai yake, kana hango farin yashin ƙasansa, kuma ɗuminsa yana nan a digiri 31 dare da rana, rani da damina. Yara suka faɗa wurin da ba shi da zurfi. Na sa wayata a 'yar jakar roba mai hana ruwa na bi su har gwiwa. Yaya kuwa ya tsaya nesa da baki, ya rungume kyamara, duk wanda ya fantsama ruwa sai ya harare shi.

A nan wata magana ta taso da ta fi ta faranti da gilashi muhimmanci. Ba mu kaɗai ba ne a wurin, akwai wasu iyalai da matansu da 'ya'yansu mata. Da wani magidanci ya ga dogon gilashin nan sai fuskarsa ta canza. Yaya ya lura, ya je ya yi masa sallama, ya ce mahaifiyarsa kawai yake son ɗauka, ya kuma juya wa ɓangarensu baya. Mutumin ya sake, har suka yi hira. Ni ce na ji kunya, don tun ɗazu nake ɗauka ba wanda ya tanka, kuma da na duba sai ga matan mutane a bayan yarana. Na goge waɗannan nan take. Kyamara ba ta ɓuya, dole mai ita ya nemi izini. Waya kuwa ta saba mana da ɗaukar mutane ba da saninsu ba, har mun daina ganin abin a matsayin laifi. Da 'yata ta ce za ta ɗora hoton birin a Facebook, Hajiya ta ce, "Kishiya, kul. Ban yarda a kai ni kasuwa ba." Magana ta ƙare, hoton na gida ne.

Yaya dai bai haƙura ba, kuma abin da ya faru da safe ya koya masa darasi. Ya bar Hajiya ta zauna a bakin ruwa ta tsoma ƙafafu, ya yi kamar ya tafi, ya koma can bayan wata bishiya. Daga nan ya jawo ta da dogon gilashin da ya ɗauki giwa. Ba ta san yana yi ba. Idonta a lumshe, carbi a hannu, hasken ruwa yana wasa a fuskarta, ganyayen bayanta sun narke sun zama kore mai laushi. Na gwada irinsa da saitin wayata mai dusashe baya, sai ta cinye gefen mayafin ta haɗa shi da ganye, don ita kintata take yi, shi kuwa nasa aikin gilashi ne. Wannan hoton waya ba za ta iya shi ba, kamar yadda kyamara ba ta samu na birin ba.

A hanyar dawowa na ce ba za mu wuce Bauchi ba sai mun wanke. Muka samu wani ɗakin hoto, mai shi dattijo ne da ya fara sana'ar tun zamanin fim. Ya ce yanzu aikinsa ya koma fasfo da albam ɗin biki, ba kasafai ake kawo masa hoton gida ba. Da zan tura masa ta WhatsApp ya tsayar da ni, ya ce in aika a matsayin fayil, don in na tura yadda aka saba manhajar za ta matse hoton ta rage masa inganci. Muka zaɓi goma sha biyu aka wanke a inci 5 da 7, biyu kuma aka yi su manya aka sa a firam. Na birin da waya ta ɗauka ya fito lafiya lau a babbar takarda, don da rana aka ɗauke shi kuma ba a zuƙo ba.

Ga wanda yake tunanin ko ya sayi kyamara, abin da na gani da idona ke nan. In abin da kake so shi ne yara a tsakar gida, da suna, da walima, da fuskar tsohuwarka tana dariya, wayar da ke hannunka ta isa. Ka goge idonta da gefen riga, ka matsa kusa da ƙafarka maimakon zuƙowa, ka bar haske ya zo daga bayanka. In kuwa ranka yana kan abin da ke nesa ko mai gudu, dabbar daji ko dokin hawan Sallah, ko kana so ka mayar da abin sana'a, to kyamara ba ta da madadi, amma ka shirya ɗaukar nauyinta da koyon ta. Kowacce ka riƙe, kada ka yi irin tawa. Ka kunna ajiyar intanet, Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, ka kwafe a kwamfuta ko memori, sannan duk shekara ka zaɓi ko goma ne ka kai a wanke.

Hoton bakin ruwa yana falon Yaya, ya kuma hana kowa sakat da labarin yadda ya ɗauke shi. Na birin na kai wa Hajiya, ina tunanin za ta rataye a bango. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sa aka cire shi daga firam, ta buɗe akwati ta kwantar da shi kusa da fasfon Baba. Ta ce, "Da Malam yana nan, da ya fi kowa dariyar wannan biri."